Yadda zaka sa gidan reza mai ruwan kurom ya daɗe a hannunka

Galibin gidajen rezan nan na ƙarfe masu ƙyalli, waɗanda ake kwancewa a saka reza mai baki biyu a ciki a sake ɗaurewa, in ka gansu sai ka rantse sitenles ne. Toh mafi yawansu kan nasu zamak ne, wato haɗin zinki da alminiyam da aka narka aka zuba a mazubi, daga baya aka bi shi da ruwan kurom ya fito yana ɗaukar ido. Kuma kar ka ɗauka sai masu araha kawai, Merkur 34C na Solingen a Jamus, da Mühle R89 shima na Jamus, da Edwin Jagger DE89 na Sheffield a Ingila, duk kawunansu zamak ne, kuma su ne aka fi nuna wa mai son fara irin wannan askin. Shi yasa kullum ake ta musu, wani ya ce nasa ya fi shekara goma bai ko yi tabo ba, wani kuma ya ce nasa ko shekara bai rufa ba ya karye. Duk su biyun zasu iya zama masu gaskiya, dan daɗewar abin a kan rufin nan take, in rufin yana nan lafiya ƙarfen ciki zai zauna, in ya fashe kuma ruwa ya samu hanya toh an fara ƙirga kwana.

Bari mu fara da sanin abin da ke hannunka dan duk dabarun da zan kawo daga nan suka taso. Zamak wani kamfanin Amurka ne mai suna New Jersey Zinc ya fito da shi a 1929. Kusan kashi 96 cikin 100 zinki ne, kashi 4 alminiyam, sai ɗan digon magniziyam, wani nau'in kuma ana ƙara masa jan ƙarfe kamar kashi 1. Yana narkewa a wajen digiri 385 na salshiyos, ita kuwa tagulla sai an kai wajen 900, sitenles kuma sai 1400. Kaga dalilin da yasa masu ƙera kaya ke sonsa, wuta kaɗan yake ci, yana cika kowane lungu na mazubi, mazubin baya saurin lalacewa, kai dubu nawa kake so duk zasu fito iri ɗaya. Ga shi da ɗan nauyi mai daɗi a hannu, giram 6.6 a kowane ɗan dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, tagulla tana wajen 8.5, alminiyam kuma 2.7 kawai. Aibinsa biyu ne, baya son zama cikin danshi in babu rufi, sannan in ya sha bugu ko aka lanƙwasa shi karyewa yake yi.

Rufin kuma hawa uku ake yi masa yawanci. A fara shimfiɗa jan ƙarfe a kan zamak ɗin, a bi da nikel, sannan a rufe da kurom. Nikel ɗin ne ainihin mai tsare ruwa, kurom na sama shi ke bada ƙyalli da tauri kuma kaurinsa bai kai maikiron 1 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, alhali silin gashin kai ɗaya yana kaiwa maikiron 50 zuwa 100. Ko an haɗa hawa ukun gaba ɗaya abu ne siriri sosai. Wannan fatar ce kaɗai tsakanin zinki da ruwan da kake zuba masa kullum da safe.

Ga abin da ke faruwa in fatar ta samu ƙofa ko da ta kai tsinin allura ce. Zinki da nikel da jan ƙarfe in suna manne da juna kuma ruwa ya jiƙa su, ƙaramin batir aka haɗa, kuma a cikinsu zinki ne ke cinyewa. Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne wurin da ya buɗe ɗan mitsitsi ne, rufin da ke kewaye da shi kuwa faffaɗa, sai duk cin ya taru a wuri ɗaya ya dinga haƙa rami yana yin ƙasa yana shiga ƙarƙashin rufin. Kamar haƙori dai, daga waje fari tas ciki kuwa kogo. Abin da zinkin ke komawa farin gari ne ko mai ruwan toka, kuma yana ɗaukar wuri fiye da ƙarfen da ya fito daga ciki, sai ya tura rufin sama, shi yasa alamar farko da zaka gani ita ce wasu 'yan ƙuraje sun taso a jikin kurom ɗin. In ka ga haka ciki ya riga ya yi nisa.

Wasu suna haɗa wannan da wata tsohuwar cuta ta zinki wadda ta cinye kayan wasan yara na zubi da aka yi tsakanin shekarun 1930 zuwa 1950, inda abu zai kumbura ya tsattsage ya farfashe da kansa yana ajiye. Waccan dalma ce da ta gauraya cikin zinkin ke jawo ta, kuma maganinta shi ne zinki mai tsarki kashi 99.99, wanda dama shi ne ƙa'idar zamak. In kamfani ya bi ƙa'ida ba zaka gamu da ita ba. Inda ake ɗan shakka shi ne kayan da babu ko sunan mai yi a jiki, dan ba ka da hanyar sanin me aka narka.

Duba shi tun yana sabo

Ranar da ya shigo hannunka, kafin ya ga ruwa, kwance shi gaba ɗaya. Mai gida uku zaka samu murfin sama, farantin ƙasa da mariƙi. Haska fitilar waya ka juya kowane ɗaya a hankali. Saman murfin kowa ya iya gyarawa dan shi mai saye ke kallo, kai ka duba cikin murfin, ramukan da kumfa ke fita, gefen ƙusoshin da ke riƙe reza, da kuma gindin ƙusar tsakiya mai tiredi, wato zanen da ake murɗa mariƙi a kai. A irin waɗannan lungunan ne rufin ya fi zama siriri saboda wutar lantarkin da ake rufin da ita ta fi kama wuraren da suka fito fili. In ka ga ƙurji, ko wuri mai duhu da kurom bai hau ba, ko rufin ya ɗago a wani gefe har farce na kama shi, mayar da shi a canza maka tun da wuri, kar ka ce ai ɗan kaɗan ne.

Sannan ka saka reza ka ɗaure ka kalle shi ta sama, bakin rezar ya fito daidai ta ɓangarorin biyu kuma a miƙe. Ka riƙe wannan hoton a ranka dan nan gaba da shi zaka gane in wani abu ya goce.

Tiredi, inda yawancinsu ke mutuwa

In ka tara gidajen rezan zamak da suka lalace, abin da zaka fi gani shi ne ƙusar murfin nan ce ta karye daga gindi ko kuma tiredinta ya cinye har mariƙin baya kamawa. Dalilin a fili yake. Kaurinta milimita 5 ne kawai, ita ke ɗaukar duk ƙarfin ɗauri, duk lokacin da ka canza reza sai ƙarfe ya goga ƙarfe a kanta, kuma mariƙin da take shiga ciki galibi tagulla ne ko sitenles. Goga yau goga gobe rufin kan tiredin ya siɗe, ga shi ramin mariƙin wuri ne da ruwa ke shiga ya kwana ba iska, kaga an haɗa duk abin da batirin nan ke buƙata. Ƙusar zata dinga rubewa a ɓoye, wata rana kana ɗaurewa kawai ka ji ta tafi.

Abu na farko kenan, ɗauri. Yatsu biyu sun isa. Ka juya har ka ji ya tsaya rezar ta lanƙwasa ta zauna daram bata motsi, toh ka tsaya nan. Ƙarin murɗar nan da wasu ke yi wai dan ya kama da kyau babu abin da take ƙara wa askin, ƙusar kawai take ja. Kuma zamak yana da wani hali, in aka bar shi cikin matsi na tsawon lokaci yana ɗan saki a hankali ko da a zafin ɗaki ne, dan haka barinsa a ɗaure tamau wata da watanni baya yi masa kyau.

Wajen ɗaurewa kuma ka kifa murfin a kan tawul ko tafin hannu, ka ɗora reza da farantin, ka riƙe su ta gajerun gefunan inda babu kaifi, sannan ka juya mariƙin shi kaɗai. In zaka fara, ɗan juya shi baya tukuna har ka ji ya faɗa gurbinsa sannan ka yi gaba. In ka ji yana turjewa tun juyin farko kar ka tilasta, ya hau a karkace ne, kwance ka sake. Hawa a karkace sau ɗaya tak ya isa ya yanke rufin tiredin.

Sai mai. Ɗan digon farin man keken ɗinki ko ɗan basilin a kan tiredin, ka shafa da tsinken auduga, ka ɗaura ka kwance dan ya ratsa. Yana rage gugar kuma yana hana ruwa zama. Duk sanda ka yi masa babban wanki sai ka sabunta, ko in ka ji ya fara ƙara-ƙara wajen juyawa. Ni a ganina duk cikin dabarun nan babu mai arha da amfani kamar wannan, amma ita aka fi mantawa da ita. Akwai kuma 'yar washa ta roba mai ramin milimita 5 da ake sakawa tsakanin mariƙi da farantin ƙasa, tana hana bakin mariƙin zana zobe a jikin rufin, in ka samu ka saka, in baka samu ba ba wani tashin hankali bane.

Masu son canje-canjen mariƙi su kula da wannan. Na zamani yawancinsu tiredin M5 ne mai tazarar milimita 0.8, tsofaffin Gillette kuma awon inci ne da ake kira 10-32. Sun yi kusa da juna sosai har sau da yawa wannan yana shiga wancan, amma ba ɗaya bane, kuma in ƙusar zamak ce ita zata biya kuɗin bambancin. Haka ɗora wa kan zamak wani jibgegen mariƙin sitenles mai nauyi, yana da daɗin riƙewa ban musa ba, sai dai ranar da ya suɓuce duk nauyin nan a kan ƙusar zai sauka.

Akwai kamfanonin da ke dasa ƙusar tagulla a cikin murfin zamak maimakon su zuba ta tare, in zaka saya kuma an rubuta haka a bayanin kayan toh ƙari ne mai kyau.

Faɗuwa

Wannan babu dogon bayani. Tagulla in ta faɗi lanƙwasa take yi a miƙe ta, zamak kuwa ko ya karye nan take ko ya lanƙwashe, in ka ce zaka miƙe shi ya tsage. Ko bai karye ba kusurwar da ta daki tayil rufinta ya fashe. Hannu mai kumfa shi ne babban dalili, ka dinga ɗauraye yatsunka da mariƙin in sun yi santsi, canjin reza kuma a kan tawul. Kar ka ajiye shi a bakin sinki inda gwiwar hannu zata iya ture shi, kuma in zaka yi tafiya kwance shi ka naɗe kowane yanki daban ko ka saka a 'yar jakarsa, kar ka watsa shi cikin makullai da sauran ƙarafa. Sai ɗabi'ar nan ta ƙwanƙwasa kan a bakin sinki dan gashi ya zubo, a daina dan Allah, ɗan sassauta mariƙin ka sa a ƙarƙashin famfo ruwa zai wanke komai.

Bayan kowane aski

Abin da ake buƙata kullum bai fi minti ɗaya ba. Ka sassauta mariƙin, ka ɗauraye da ruwan ɗumi har kumfa da guntayen gashi su fita, ka yarfe ruwan kana riƙe da shi da kyau, ka goge da tawul mai laushi. Wanda ya fi kyau shi ne ka kwance shi gaba ɗaya ka cire rezar ka goge kowane yanki, ka kifa mariƙin ramin yana kallon ƙasa dan ruwan ciki ya tsiyaye, ka bar su su sha iska kafin ka mayar. Na san ba kowa zai yi haka kullum ba musamman mai saurin fita aiki, toh ko sassautawar da yarfewar ka riƙe, cikakkiyar kwancewar kuma ka yi duk ranar canjin reza. Rezar kanta kar ka goge bakinta da tawul, ka ɗan dannata kawai a kai, gogewa na cire santsin da aka shafa wa kaifin kuma yatsa na iya shiga.

Wurin ajiya yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Gidan rezan da ke kwana a cikin wurin wanka inda tururi da feshin ruwa ke samunsa kullum, ko wanda ake tsayarwa cikin kofi mai ruwa a gindi, ba zai yi kwanan wanda ke kan kanta a busasshen wuri ba ko da kamfani ɗaya ya yi su rana ɗaya.

In ka ga jan tabo kamar tsatsa a cikin murfin kar hankalinka ya tashi. Zinki baya jar tsatsa, wannan daga rezar ya fito, dan ko rezar da aka rubuta sitenles a jikinta tana iya yin tsatsa in ta kwana a jiƙe. Tabo ne kawai a saman kurom kuma buroshi da sabulu suna fitar da shi. Wanda zaka ji tsoro shi ne fari ko toka-toka mai fitowa daga cikin wani ɗan rami, wanda in ka goge bayan kwana biyu ya dawo a daidai wurin.

Babban wanki da abin da ba a kusantar da shi

Lokaci-lokaci zaka ga wani farin datti ya dusashe ƙyallin, wannan sabulu ne ya haɗu da sinadarin kalsiyam na cikin ruwa, inda ruwa ke da gartsi abin ya fi yawa. Maganinsa ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke kwanuka na ruwa, ka jiƙa 'yan mintuna, ka bi da tsohon buroshin haƙori mai laushi, ramin mariƙi kuma tsinken auduga, ka ɗauraye ka busar ka sa mai a tiredi. Shikenan. In kana yi akai-akai dattin ba zai taɓa yin taurin da zai buƙaci wani abu mai ƙarfi ba.

Inda mutane ke kashe nasu da hannunsu shi ne wajen neman ƙyalli da sauri. Ana yawan bada shawarar a jiƙa a binega ko ruwan lemun tsami saboda suna narka dattin, kuma gaskiya suna narkawa, amma asid ne, kuma asid yana cin zinki. A kan lafiyayyen rufi ɗan shafawa a ɗauraye nan take bazai yi komai ba, matsalar ita ce baka san ko akwai ƙofar da ido baya gani ba, musamman a tiredi, in kuwa akwai toh jiƙawar dare ɗaya ta isa. Magungunan wanke masai da na cire dattin tayil sun fi muni dan wasunsu asid ɗinsu har kurom ɗin kansa yake ci. Bilic shima a'a, kulorin ɗinsa yana huda rufi. Soda mai ƙuna da magungunan buɗe bututu su ma suna cin zinki, dan shi ƙarfe ne da asid ke ci kuma kishiyar asid mai ƙarfi ma tana ci. Soson ƙarfe, hodar goge tukunya da man goge ƙarfe mai yashi-yashi kuma suna siɗe kurom ɗin da muka ce bai kai maikiron 1 ba. Masu shafa alif a yatsu dan mariƙi ya daina santsi su dinga ɗauraye shi da kyau bayan sun gama, shima ruwansa yana da ɗan asid.

In kashe ƙwayoyin cuta kake so, misali ka sayi na hannu, wanke shi da sabulu tukuna sannan ka tsoma a sifirit mai ƙarfin kashi 70 na 'yan mintuna ka fitar ya bushe. Sifirit yana da wani amfanin ma, yana kore ruwa daga lunguna kuma yana bushewa da wuri, sai dai yana wanke man tiredi dan haka ka sake sakawa. Tafasawa ba zata narka shi ba tunda sai digiri 385, amma babu buƙatarta, kuma birgimar da zai dinga yi a gindin tukunya tana iya ƙwarzane shi. Injin wankin nan mai girgiza ruwa da ake wanke zobba da shi, in rufin ya riga ya fara ɗagowa ƙarasa shi zai yi.

In ya riga ya fara lalacewa

Siɗewar rufi a kan tiredi kaɗai ba ƙarshen rayuwarsa bane, kusan kowanne zai yi haka in ya kwana biyu. Ka goge da buroshi, ka busar sosai, ka dinga sa mai ba fashi, zai iya ci gaba da aiki shekaru. Ƙurji a ƙarƙashin faranti ko cikin murfi inda baya taɓa fata kuma baya taɓa mazaunin reza, shima ka bar shi kar ka fasa da farce, ka dai ƙara kula da busarwa. Wasu suna ɗiga man farce marar launi a kan ɗan wurin da ya ɓare dan ya toshe ruwa, yana ɗan taimakawa na wani lokaci in wurin a bushe yake kuma ba kan tiredi bane.

Amma akwai inda ya kamata ka haƙura. In rufin ya fara ɓarewa a sandar da ke gogar fata ko a gefen murfi, ɓawon nan kaifi gare shi zai dinga yankarka. In bayan faɗuwa ka ga rezar ta fi fitowa ta gefe ɗaya, ko tazarar da ke tsakaninta da sandar ta bambanta daga wannan ƙarshen zuwa wancan, askin ya zama caca. In ƙusar ta karkace ko ka ga tsaga a gindinta, kwananta ya ƙare. Haka wanda fatarsa bata shiri da nikel, in kurom ya siɗe nikel ya fito zai iya fara ganin ƙaiƙayi da ja a inda ƙarfen ke taɓawa.

Gyara kuwa gaskiya ba kasafai yake biyan wahalarsa ba. Gam baya riƙe ƙusar da ta karye dan ƙarfin ɗauri ya fi ƙarfinsa, walda kuma kafin ka ankara yankin ya narke. Sake rufi ma wahala ne, saboda zubin zamak fatarsa ta waje ce mai ƙarfi, cikinsa akwai 'yan ƙananan kofofin iska, in aka kankare tsohon rufi aka goge ramukan sai a buɗe waɗannan kofofin, sabon rufin ya zo ya sake yin ƙuraje. Nan ne tagulla ta sha gaba. King Camp Gillette ya samu rajistar ƙirƙirarsa a 1904, kuma gidajen rezan da kamfaninsa ya yi ta yi shekaru da dama bayan nan, irinsu Super Speed, tagulla ne da ruwan nikel, shi yasa har yau ake aski da waɗanda suka haura shekara 60, rufin ya goge rawaya ta fito amma ƙarfen yana nan, in an so ma a sake masa ruwa ya dawo sabo.

Toh ko wannan na nufin kar a sayi zamak? Ni ban ga haka ba. Askin da zai maka ya danganta da yadda aka tsara kan, wato tazara da kusurwar reza, fata bata san wane ƙarfe bane. Mai farawa da bai ma san irin kan da ya dace da gemunsa ba, ya fi masa ya gwada da mai sauƙin kuɗi. In ka gano wanda kake so kuma kai mutum ne mai yawan yarda abu ko wanda ya san ba zai iya zaman busarwa ba, sai ka nemi wanda ba ruwansa da rufi. Kamfanin Rockwell misali yana yin tsari ɗaya kala biyu, 6C na zinki mai ruwan kurom da 6S na sitenles. Akwai Feather AS-D2 na Japan shima sitenles, Fatip na Italiya tagulla, Henson AL13 na Kanada kuma alminiyam, sai dai shi alminiyam mara nauyi ne sosai kuma shima baya son bilic da soda.

In kana son sanin naka wane iri ne kuma babu takardarsa, mayen ƙarfe ba zai raba maka gardama ba dan zamak da tagulla duk baya kama su, irin sitenles ɗin da ake gidan reza da shi ma da ƙyar yake kamawa. Ka duba inda rufin ya goge, galibi kan tiredi, in rawaya ka gani tagulla ce, in toka-toka mai duhu zamak ne. Siririn layin mazubi a gefe ko 'yan zagayen tabo a cikin murfi suma alamar zubi ne.

In kuwa ƙusar ta riga ta karye, kar ka zubar da komai gaba ɗaya. Mai gida uku murfin kaɗai ya mutu, kuma kamfanoni da yawa suna sayar da murfi ko kai daban. Guntun da ya maƙale a cikin mariƙi, ɗiga masa mai ka bar shi ya kwana, in akwai ɗan abin da ya leƙo ka kama da filaya ka juya hagu, in ya karye daidai da baki kuma ka danna masa tsinin ƙaramin sukudireba ka juya a hankali, yawanci yana fitowa tunda babu sauran matsi a kansa. Kafin ka ɗaura sabon murfin ka wanke ramin mariƙin da tsinken auduga da sifirit har farin garin nan ya fita duka, ka bar shi ya bushe, sannan ka sa mai.